Na Rame, Amma Gidana Ya Rabu da Baƙi

Mama, ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni matar aure ce, shekaruna 34, 'ya'yana biyu. Bayan haihuwa ta biyu na yi jiki sosai. Wata Lahadi muna fitowa daga sujada, wata mata ta dube ni a gaban jama'a ta ce, "Ke kuwa, ba kya tausayin haikalin Allah?" Na yi dariya, na koma gida na yi kuka. Tun daga ranar na kama rage cin abinci, yau wata goma sha huɗu ke nan. Na rame, kowa sai yabona yake yi. Amma Mama, ba ni da kwanciyar rai. Da asuba sikeli nake fara hawa kafin in yi addu'a. Duk lomar da na kai baki sai na rubuta ta a manhajar waya. In na ci abin da ya fita daga tsarina sai in ji kamar na yi zunubi, washegari in ce ina azumi. A da gidana ba ya rabuwa da baƙi, yanzu na daina gayyatar kowa don kada in dafa abin da zan ji kwaɗayinsa, in an gayyace ni kuma in ce ba ni da lafiya. Makon jiya surukata ta wuni tana yi mini girki, na taɓa kaɗan na ture kwanon. Ba ta ce komai ba, ta rufe shi ta ɗauke. Al'adata ta ɗauke wata uku kuma ba ciki ba ne, ina yawan jin jiri da sanyi. Abin da ya sa na rubuto shi ne, jiya 'yata mai shekara tara ta tsaya gaban madubi ta matse cikinta ta ce, "Mama, ni ma in daina cin abincin dare?" Shin kamun kai nake yi, ko kuwa na ɓata hanya?

'Yata, sannu da wannan nauyi. Na karanta wasiƙarki sau biyu, a karo na biyu na daɗe a wurin kwanon nan da surukarki ta rufe. Zan dawo kansa. Bari in fara da abin da ba ya jira.

Ki je ki ga likita cikin makon nan. Ɗaukewar al'ada na wata uku tare da jiri da yawan jin sanyi alama ce ta jikin da ba ya samun abin da zai ishe shi, har ya fara rufe wasu ayyukansa don ya tsira da rai. In aka bar shi haka ƙashi yana rauni, zuciya ma tana iya taɓuwa. Kada ki tsaya a kan "ina jin jiri" kawai. Ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, da sikelin asuba, da manhajar, da azumin bayan cin abinci, don ya san abin da yake dubawa. Cutar ƙin cin abinci tana cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da suka fi kisa, tana kuma warkewa idan an tare ta da wuri. Ki tafi da maigidanki ko wata da kika amince da ita, saboda mai wannan hali yakan rage labari idan ya zauna a gaban likita shi kaɗai.

Kin tambaye ni ko kamun kai ne. A ganina ba shi ba ne, zan kuma gaya miki dalili ba tare da na ɗora miki laifi ba.

A 1944, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, wani masani mai suna Ancel Keys a Jami'ar Minnesota ta Amurka ya ɗauki samari 36 lafiyayyu, waɗanda suka ƙi ɗaukar makami saboda lamirinsu. Ana so a san yadda za a ciyar da mutanen Turai da yunwa ta galabaitar idan yaƙi ya ƙare. Aka rage wa samarin abinci zuwa kusan rabi na tsawon mako 24, suka zubar da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya faru da tunaninsu shi ne nake so ki ji. Abinci ya zama hirarsu da mafarkinsu. Wasu suka kama tara littattafan girki, wasu suna lashe faranti. Suka zama masu saurin fushi, kullum cikin jin sanyi, suka janye daga mutane. Da aka sake musu mara, wasunsu suka yi ta ci ba sa jin ƙoshi. Waɗannan mutane ne masu ƙarfin hali da bangaskiya. Yunwa ce ta yi musu haka, domin haka Allah ya halicci jiki, ya yi ta kuka har a ba shi. To kwaɗayin da kike tsoro, wanda ya sa kika rufe ƙofarki, ba raunin ruhaniya ba ne. Jikinki ne yake roƙonki.

Yanzu maganar matar nan ta bakin majami'a. Ayar da ta jefe ki da ita tana cikin 1 Korantiyawa sura 6, inda Bulus ya ce jikinku haikali ne na Ruhu Mai Tsarki. Ki buɗe ki karanta daga aya 12 zuwa 20. A kan fasikanci yake magana, babu ƙiba ko rama a cikin zancen. Ya kuma ce jikinku haikali ne, yanzu, yadda yake, saboda wanda yake zaune a ciki, ba don fasalin ginin ba. Jikin da kika fita da shi daga sujada ran nan, wanda ya ɗauki ciki biyu ya haife su, haikali ne tun kafin ta buɗe baki. Ta yi miki rashin kirki, ta kuma sa wa rashin kirkin rigar Nassi. Raina ya ɓaci da na karanta wurin.

Akwai wata kalma a wasiƙarki da ta fi tsaya mini a rai, wato zunubi. Zarin ci abu ne da Littafi Mai Tsarki ya yi gargaɗi a kansa, Karin Magana 23 ta faɗa ƙarara, ban kuma musa ba. Wanda likita ya hana shi wani abu saboda ciwon sukari ko hawan jini, ya kiyaye, wannan hikima ce. Amma ke babu likitan da ya sa miki doka. Ke kika rubuta dokar, ko wasu da kike bi a intanet suka rubuta miki, sannan lamirinki ya karɓe ta kamar daga Dutsen Sinai ta sauko. Ki lura da kalmomin da masu tallan rage ƙiba suke amfani da su: abinci mai tsabta, abinci mara kyau, ranar saɓa doka, wanke ciki daga dauɗa. Harshen addini ne suka ara. Akwai haram da halal, akwai faɗuwa, akwai tuba, akwai shaidar "da" da "yanzu" a hoto. Gafara ce kawai babu.

Ubangiji Yesu ya riga ya yanke wannan shari'a. A Markus 7 ya ce abin da yake shiga mutum daga waje ba ya ƙazantar da shi, domin ba zuciya yake shiga ba, ciki yake shiga ya wuce. Markus ya ƙara da cewa ta haka ya tsarkake dukan abinci. Bulus ya gaya wa Korantiyawa cewa abinci ba ya kusantar da mu ga Allah, in mun ci ba mu ƙaru ba, in mun bari ba mu ragu ba. Wurin da ya fi dacewa da ke kuwa shi ne ƙarshen Kolosiyawa 2. Can ya ambaci dokokin "kada ka kama, kada ka ɗanɗana, kada ka taɓa", ya ce suna da kamannin hikima saboda wahalar da jiki da ke cikinsu, amma ba su da wani amfani wajen hana sha'awar jiki. Ki auna da kanki, 'yata. Wata goma sha huɗu kina wannan horo. Haƙurinki da 'ya'yanki ya ƙaru? Farin cikinki fa? Kamun kai 'ya'yan Ruhu ne, a Galatiyawa 5 yana jere da ƙauna da farin ciki da salama da kirki, itace ɗaya ke haifar su duka. Abin da ya shigo gidanki ya kori salama, ya kori baƙi, ya kai ki ga cewa ba ki da lafiya don ki guje wa gayyata, daga wani itacen ya fito.

Azumin nan kuma ki ajiye shi tukuna. Azumi na gaskiya barin abu mai kyau ne na ɗan lokaci don a nemi fuskar Allah, mai yinsa yana sane cewa abincin kyauta ce, zai koma gare shi da godiya. Naki hukunci ne kike yanke wa kanki saboda lomar jiya, alhali Almasihu ya riga ya biya bashin da ya fi wannan. A Ishaya 58 Allah ya faɗi irin azumin da yake so, a cikinsa akwai raba abincinka da mayunwaci da shigo da marasa gida cikin gidanka. Azumin da yake buɗe ƙofa ke nan. Na san za a kawo miki labarin Daniyel da abokansa da suka ci ganyaye da ruwa kwana goma a Babila. Ki karanta aya 15 ta sura ta farko: bayan kwana goman an same su sun fi sauran samarin kyan gani da ƙiba. Gudun ƙazantuwa da abincin sarki suka yi, alamar tagomashin Allah a kansu kuwa ita ce sun yi jiki.

Akwai wani labari da nake komawa gare shi duk lokacin da na gaji. Iliya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel, wuta ta sauko daga sama, sannan Yezebel ta aiko masa da saƙon kisa, ya gudu jeji ya zauna a gindin wani itace yana roƙon mutuwa. Allah bai fara masa da wa'azi ba. Mala'ika ya taɓa shi ya ce ya tashi ya ci, ga gurasa da aka toya a kan duwatsu masu zafi, ga tulun ruwa a wajen kansa. Ya ci ya sha ya koma barci. Mala'ikan ya sake tada shi ya ce ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai bayan haka ya yi tafiyar kwana arba'in zuwa Horeb inda Allah ya yi magana da shi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Kina da aure, da 'ya'ya biyu, da hidima, tafiyar ta fi ƙarfinki a kan abin da kike ci yanzu.

To mu koma ga kwanon.

Shekaru da yawa da suka wuce, lokacin ni ma ina bin wani tsarin rage ƙiba, na je gaida wata tsohuwa gwauruwa daga ikkilisiyarmu da ta tashi daga jinya. Ba ta da komai sosai. Ta lallaɓa da sandarta ta kawo mini abinci a kwano ɗaya tilo da yake da murfi a ɗakin, ta goge gefensa da bakin zanenta kafin ta ajiye. Na ce mata na ƙoshi. Ta dube ni, ta dubi kwanon, ta ce, "To, 'yata," ta mai da murfin a hankali don kada ya yi ƙara. Muka yi addu'a, na karanta mata Zabura, na tafi ina ganin na yi hidima. Sai a hanya na gane abin da na yi. Na je ne in ba ta, na hana ta ta ba ni. Abu guda da take da shi wanda zai sa ta zama mai gida, ni kuma baƙuwarta, shi na ture. Ta rasu kafin in koma. Har yau ina jin saukar murfin nan.

Surukarki ba kalori, wato ma'aunin ƙarfin abinci da masu rage ƙiba ke ƙirgawa, ta zuba miki ba. Wuninta ne a cikin kwanon, da tsayuwarta a gaban wuta, da maganar da wataƙila bakinta ba ya iya faɗa, cewa ke 'yarta ce. Mutane da yawa, musamman manya, da abinci suke cewa ina ƙaunarki. Da Yesu ya aiki almajiransa biyu biyu a Luka 10, cikin 'yan umarnin da ya ba su har da wannan: duk garin da aka karɓe ku, ku ci abin da aka sa a gabanku. Mukan ɗauka karɓar baƙi aikin mai gida ne kaɗai, amma baƙo ma yana da nasa rabon, shi ne ya yarda a yi masa alheri. Wannan yana bukatar tawali'u fiye da bayarwa.

Ikkilisiya ta daɗe da sanin haka. Benedik, wanda ya kafa gidan masu zaman zuhudu a Monte Kasino ta Italiya a ƙarni na 6, ya rubuta wa mutanensa ƙa'idar zama, mutanen da azumi yake cikin rayuwarsu ta kullum. A babi na 53 ya ce a karɓi duk baƙon da ya zo kamar Almasihu ne da kansa, ya kuma ba shugaban gidan izinin karya azuminsa saboda baƙo, sai dai in ranar babban azumi ce da ba a karyawa. Ki duba wannan da kyau. Azumin da ake yi domin Allah ma yana iya matsawa gefe idan baƙo ya ƙwanƙwasa ƙofa, balle tsarin da ake yi domin sikeli. Bulus kuwa a Antakiya ya tsaya wa Bitrus ido da ido a gaban kowa, ba a kan wata koyarwa mai zurfi ba a ganin ido, sai don Bitrus ya janye daga cin abinci tare da 'yan'uwa na al'ummai. Bulus ya ce wannan ya saɓa wa gaskiyar bishara. Wanda kake zama ka ci da shi, da wanda kake gudu, magana ce ta bangaskiya.

Ubangijinmu da kansa maƙiyansa sun kira shi mai zarin ci da mashayi, saboda yawan zamansa a teburin mutane. Ya bar mana abin tunawa da shi a gurasa da ƙoƙo. A Imuwasu ba a gane shi ba sai da ya gutsuttsura gurasa. Bayan tashinsa daga matattu, a bakin Tekun Tibariya, almajirai suka fito daga jirgi suka tarar ya hura garwashi, ga kifi a kai, ga gurasa, ya ce su zo su karya kumallo. Bitrus da ya yi musun saninsa sau uku yana cikinsu. Sai da ya ci ya ƙoshi sannan Yesu ya tambaye shi ko yana ƙaunarsa. Ke kina hana kanki abinci har sai kin cancanta, shi kuwa ya ciyar da wanda ya yi musunsa tun kafin a yi maganar laifin.

Game da sikeli, ki fitar da shi daga ɗakinki, ki ba maigidanki ya ajiye, awo ya koma hannun likita. Manhajar kuma ki goge ta. Kin ce sikelin kike fara hawa kafin addu'a, wato wani ƙarfe ne yake fara gaya miki ko ke wace ce kowace safiya, kafin Ubanki ya yi magana. Ko lissafin nan na BMI, wato auna nauyin mutum da tsawonsa, da ake rarraba mutane da shi, wani masanin taurari da ƙididdiga ɗan Beljiyam, Adolphe Quetelet, ya ƙirƙiro shi a ƙarni na 19 don nazarin matsakaicin jikin jama'a, ba don yanke wa mutum ɗaya hukunci ba, lissafin kuma ba ya bambanta tsoka da kitse. Yana da amfaninsa a hannun likita. Amma bai san sunanki ba. Ki shirya ranki, idan kika fara murmurewa yabon nan zai ragu, wasu ma za su ce kin koma gidan jiya. Zai yi zafi. Masu yabon ba su san al'adarki ta ɗauke ba, ba su kuma ji tambayar 'yarki ba.

Yarinyar nan ba ta bukatar dogon jawabi. Ki zauna da ita yau, ki ce mata a'a, ba za ki daina cin abincin dare ba, jikinki yana girma yana bukatarsa, Allah ya yi ki da kyau. Ki kuma gaya mata gaskiya daidai shekarunta, cewa Mama ta daɗe ba ta ci yadda ya kamata ba, za ta je wurin likita a gyara. Daga nan idonta ne zai yi sauran aikin. Ta gan ki kina zaune kina ci tare da su, kina yin godiya kafin ci da zuciya ɗaya. Kada ta ƙara jin kina kushe jikinki, ko na wata, ko kina raba abinci gida biyu, mai kyau da mugu. Ki roƙi maigidanki shi ma ya kiyaye bakinsa a kan wannan. Bulus ya rubuta wa Timoti cewa duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne, ba abin ƙi in an karɓa da godiya. Ki sa ta ta riƙa yi muku addu'ar godiyar wani lokaci.

Baƙi kuma ba sai kin tara jama'a ba. Ki fara da mutum ɗaya da ba kya jin nauyinsa, ki dafa abu mai sauƙi, ki zauna ki ci tare da shi ko da hannunki yana rawa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tsoron zai zo, kada ki jira ya tafi kafin ki buɗe ƙofa, yana raguwa ne da maimaitawa. In akwai wata dattijuwa ko matar fasto da kika san tana riƙe sirri, ki faɗa mata halin da kike ciki, ta riƙa tambayarki ko kin ci.

Amma kafin wannan, ki je wurin surukarki. Zumunta a ƙafa take, kada ki yi ta waya. Ki durƙusa ki gaishe ta, ki ce, "Mama, ran nan na ture abincinki, ba raini ba ne, ba ni da lafiya ne ta wajen cin abinci, ina neman magani. Ki yafe mini." Sannan ki roƙe ta ta sake dafa miki abin nan da ta dafa, ki ce ta zuba miki kaɗan, ta zauna kusa da ke ku ci tare. Ina yi miki addu'a, 'yata. Ki rubuto mini bayan kin ga likita, ina so in ji abin da ya ce.